Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Kan Katako: Gina Tashar Kaya, Ka Nuna Ta Kafin Gam Ya Bushe

Wanda ya sayi ƙaramin jirgin ƙasa karo na farko, da'ira yake fara shimfiɗawa, domin haka kayan suke zuwa a kwali: guntayen dogo masu lanƙwasa goma sha biyu, kan jirgi ɗaya, taragu biyu ko uku. A haɗa a kan tabarma, jirgi ya yi ta zagaye, kwana biyu abin ya gundiri mai shi, zaren tabarma da ƙura su cika injin, a mayar kwali. Shawarata ga mai son wannan aikin hannu a arewacin Kamaru ko Cadi ita ce ya ƙyale da'ira, ya gina tashar kaya a kan siririn katako.

Dalilin yana nan a gabanmu. Layin dogon da ya taso daga Duwala ya bi ta Yawunde, ya isa Belabo a 1969, ya zo ya tuƙe a Ngaundere a 1974. Daga nan babu sauran dogo. Cadi ba ta da layin dogo, saboda haka kayan Njamena a Ngaundere ake sauke su, a ɗora wa tireloli su bi ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri, ko su kama hanyar Tuboro zuwa Mundu. A ƙarshen layi jirgi ba ya zagaye. Shigowa yake yi, a kwance taragu, a tura wannan can, a jawo wancan nan, a sake jera su a koma kudu. Wannan kai da komowa shi ne abin da ba ya gundira idan aka kwaikwaye shi. Kuma kada ka yi tunanin kwaikwayon layin gaba ɗaya: tsakanin Yawunde da Ngaundere kimanin kilomita 620 ne, wanda ko an rage shi sau 87 zai ci kilomita bakwai. Lungu ɗaya ake ɗauka.

Fara da sikeli, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske, domin duk sayen da za ka yi nan gaba a kansa ya dogara. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato 1:87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5. Akwai N, 1:160, mai milimita 9, wanda ba ya cin wuri amma ƙwayar yashi ɗaya tana tsayar da shi, don haka ban ga amfaninsa ga mafari a ƙasar hunturu ba. A HO mutum mai tsawon mita 1.7 yana komawa santimita 2, ƙaramar kwantena santimita 7, babba 14, bishiyar mangwaro mai mita goma ta tashi santimita 11 da rabi. Rubuta waɗannan a bango kusa da teburinka.

Akwai wani abu da masu ido za su ɗago maka, gara ka san shi tun yanzu. Dogon Kamaru faɗinsa mita ɗaya ne cif, tun layukan farko da Jamusawa suka shimfiɗa, kuma a haka kamfanin jirgin ƙasa na Camrail ya karɓe shi a 1999. Milimita 16.5 na HO kuwa dogon Turai yake wakilta, mai milimita 1435. Idan ka raba 1000 da 87 za ka sami 11.5, shi ya sa masu son daidai wa daida suke amfani da HOm, mai dogo milimita 12, irin wanda kamfanonin Bemo da Tillig da Peco suke yi. Kayan HOm suna da tsada, na hannu kuma ba sa samuwa da sauƙi. Wata dabarar ita ce ka bar dogon a 16.5, ka ɗauki sikelinka a matsayin 1:60, tunda 16.5 sau 60 ya ba da 990, saura ƙiris mita. Ƙananan motocin ƙarfe na wasan yara da ake sayarwa a kasuwa galibi tsakanin 1:60 da 1:64 suke, sai su dace. Amma fa kowane tarago sai ka ƙera masa jiki da hannunka a kan ƙafafun HO. Wannan aikin shekara ta biyu ne. A karon farko ɗauki HO yadda yake, ka san cewa dogonka ya ɗan fi na gaske faɗi, ka wuce.

Wajen saye, mafi yawan abin da ke isowa nan na hannu ne daga Faransa da Jamus, ƙirar kamfanonin Jouef, Lima, Roco, Piko, Fleischmann. Duk waɗannan dogo biyu suke amfani da su da wutar DC, daga sifili zuwa bolt 12, kuma suna hawa dogon juna. Kamfanin Märklin ne ya fita daban. Juya kan jirgin ka duba cikinsa: idan ka ga wani dogon faifan ƙarfe a tsakiya wanda ke gogar ƙasa, na tsarin Märklin ne, wutar AC yake sha ta ƙananan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, kuma ƙafafunsa na hagu da na dama a haɗe suke. Ka ɗora shi, ko taragonsa mai ƙafar ƙarfe, a dogon DC, nan take wuta ta haɗe. Sannan ka nemi kan jirgi na dizal. Layinmu ba shi da wayar lantarki a sama, don haka mai hannun ƙarfe a rufinsa ko yaro zai ce maka ba namu ba ne. Zaɓi mai ƙafafu takwas da duk suke ɗaukar wuta, ya fi ɗan guntu mai ƙafa huɗu tafiya a hankali ba tare da tsayawa ba.

Dogon kansa iri uku ne: na baƙin ƙarfe, na tagulla mai ruwan ɗorawa, da fari wanda ake haɗawa da nikel. Na baƙin ƙarfe maganaɗisu yana kama shi, kuma damina ɗaya a Ngaundere ta ishe shi yin tsatsa. Na tagulla yana dusashewa ya daina ba da wuta sai an yi ta gogewa. Sayi farin. Duba tsayin ƙarfen kuma: wanda aka rubuta wa lamba 100 tsayinsa milimita 2.5 ne, mai lamba 83 kuwa 2.1. Tsofaffin Lima da Jouef leɓen ƙafarsu yana da zurfi, a kan gajeren dogo sai ka ji suna karo da matasai, wato 'yan sandunan gicciye da ke riƙe da ƙarfen, kar-kar-kar. Mai lamba 100 yana ɗaukar kowa.

Ga tsarin da nake ba da shawara. Katako mai tsawon santimita 180, faɗi 45. Layi ɗaya ya taso daga hagu, tsawonsa santimita 65, daidai kan jirgi da taragu uku. Ya iso mararraba ta farko, wato guntun dogon da ke raba layi gida biyu: miƙaƙƙen hannun ya zarce ya zama layin da ke ɗaukar taragu biyar, kimanin santimita 78 idan kowane tarago bai wuce 15 ba. Hannun da ya karkata ya shiga mararraba ta biyu, ya rabu gida biyu, kowanne taragu uku. Shi ke nan: mararraba biyu, dogo mai lanƙwasuwa guda huɗu masu tsawon santimita 91, taragu takwas. Wasan kuwa shi ne ka rubuta sunan kowane tarago a guntuwar takarda, ka zuba a hula, ka zaro biyar, ka jera su a dogon layin bisa yadda suka fito. Hanyoyin da biyar za su iya fitowa daga takwas sun kai 6,720, kuma da yake layin hagu uku kaɗai yake ɗauka, wani jerin sai ka yi minti ashirin kana lissafi. Tsakanin layi da layi bar santimita 5 daga tsakiya zuwa tsakiya, ko 6 idan yatsunka masu kauri ne, don wajen kwance ƙugiyar da ke haɗa taragu.

Wanda ya nace sai da'ira, to ya sani cewa ƙaramar lanƙwasar da aka saba a HO santimita 36 ce daga cibiya zuwa tsakiyar layi, wato katakon ba zai gaza 85 a faɗi ba, dogayen taragun fasinja kuma sai 42 zuwa sama. Hannun mutum ba ya aiki mai kyau bayan santimita 60, don haka irin wannan tebur ba a jingina shi da bango.

Kafinta zai so ya ba ka filawud mai milimita 4 ko 6 saboda arha. Kar ka yarda. Nemi mai 9 ko 10, a yi masa firam da katako mai kauri santimita 2, tsayi 7, da sanduna uku a gicciye a ƙasa, kowace bayan santimita 45. Kafin a haɗa, a huda ramuka biyu a kowace sanda don wayoyi su wuce. A haɗa da sukuru da gam, ba ƙusa kaɗai ba. Katakon ya zama busasshe. Sai a shafa fenti ko banish a fuska biyu har da gefuna, kuma a nan ne mutane suke yin sake: su fente sama su bar ƙasa, ƙasan ya sha laimar damina ya kumbura, saman bai sha ba, katako ya bankare. Bankarewar milimita biyu a tsakiya ta isa ta sa ƙugiyoyi su riƙa kwancewa da kansu, taragu kuma su riƙa gangarawa inda ba ka aje su ba. Ƙafafun tebur gara mai walda ya yi maka na ƙarfe, tsayi santimita 110 zuwa 120, kuma a bar taki ɗaya tsakaninsa da bangon ƙasa saboda gara. Ɗora ma'aunin ruwa na magina a tsaye da a gicciye kafin ka shimfiɗa komai.

A filin tashar kaya dogo kusan a ƙasa yake kwance, don haka ba ka bukatar shimfiɗa komai a ƙarƙashinsa. Fara kafa mararraba biyun, sauran su bi su. Idan za ka yanka dogo, yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, ka danne ƙarfen da guntun katako da ka yi wa tsaga biyu, in ba haka ba zai fizge daga matasansa. Goge bakin da aka yanka da ƙaramin magagari ta sama da ta ciki, har sai farcenka ya wuce bai maƙale ba. Wajen kafa ƙusa, fara huda rami da siririn abin huji, kuma kar ka buga ta har ta danne. Bar kaurin takarda tsakanin kan ƙusa da matashi. Ƙusar da aka danne tana lotsa matashin ta tsakiya, ƙarafa biyun su sunkuyo ciki, tazara ta ragu daga 16.5, ƙafa ta hau ta faɗi, kai kuma kana ta zargin tarago.

A kowace mahaɗa bar gibin rabin milimita, kaurin katin waya ya ɗan fi shi kaɗan. Farin dogo mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 0.4 idan zafi ya ƙaru da digiri 25, kuma tsakanin asubahin Janairu da azahar ɗin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano a Garwa ko Marwa bambancin ya wuce haka. Ga shi kuma katako yana tsukewa a rani. Wanda ya shimfiɗa a watan Agusta ya matse mahaɗai tsam, a watan Maris zai tarar layinsa ya karkace gefe. Idan a tsakiyar bazara kake aiki, rage gibin, domin ƙarfen ya riga ya miƙe iyakarsa.

Batun wuta. Kan jirgi ɗaya na HO yana jan tsakanin amfiya 0.2 da 0.5, tsofaffi su kusa kai ɗaya. Idan kwalin ya zo da taransifomarsa, karanta jikinta: wutarmu 220 ce, wadda ta fito daga Amurka kuwa ta 110 ce, tana shiga soket za ta ƙone. Idan babu, mai gyaran rediyo zai haɗa maka cikin awa ɗaya. Ana bukatar adafta mai ba da bolt 12 da amfiya 2, irin ta dikodar talabijin, da ɗan allon rage gudun mota mai aiki da PWM, wato mai tura wuta guntu-guntu, da makunni mai ƙafa shida don gaba da baya. Wayoyi biyu daga allon su shiga ƙafafu biyu na gefe ɗaya, a ja wasu biyu a gicciye zuwa na ɗaya gefen, na tsakiya su tafi dogo. Cajar waya bolt 5 ce, ba za ta ja ba. Ta kwamfutar hannu galibi 19 ce, za ta gasa injin.

Batirin sola yana yi, kuma inda wuta ke yawan ɗaukewa shi ya fi. Sai dai batir ba shi da tausayi: sukurudireba ya faɗa kan dogo, zai turo amfiya masu yawan da za su narkar da roba su ƙona waya. Sa fis mai amfiya 2 ko 3 a bakin batirin. Sannan a kan ɗaya daga wayoyin da ke zuwa dogo, jera ƙwan fitilar mota mai wat 21. Lokacin da jirgi ke tafiya lafiya ƙwan ba ya kamawa. Da zarar wuta ta haɗe sai ya haska, ya tsare abin da ke wucewa ƙasa da amfiya biyu, kai kuma ka ga alama.

Ba da wuta ta bakin mararraba ta farko, wato daga layin hagu. Kada ka dogara da 'yan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo su kai wuta ko'ina, suna saki kuma ƙura tana shiga. Liƙa siririyar waya da dalma a gefen waje na kowane guntun dogo, ka zura ta rami zuwa ƙasa, ta haɗu da manyan wayoyi biyu masu kaurin 1.5 irin na wayarin gida. Jar waya ga dogon baya, baƙa ga na gaba, kar ka canza ko sau ɗaya. Wajen liƙi, aza jiƙaƙƙen auduga a hagu da dama, kuma kar ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa uku a wurin, matasan roba ne. Duba kuma wurin da dogo biyu suka gicciye a cikin mararraba. Idan na roba ne babu ruwanka. Idan na ƙarfe ne, kuma ka ba layukan da ke bayansa wuta, dole ka sa mahaɗin roba a ƙarafa biyun da suka fito daga tsinin, in ba haka ba duk juyin da ka yi wuta za ta haɗe. Juya mararraba kuwa ba ya bukatar inji. Sifok ɗin keke da aka lanƙwasa bakinsa, aka bi da shi ta ƙarƙashin katako zuwa gaba, ya wadatar.

Yanzu tsaya. Kada ka zuba ƙasa, kada ka taɓa gam. Wannan ne lokacin nuna wa mutane, kuma yawancin masu wannan aiki suna tsallake shi ne saboda katako tsirara da wayoyi ba abin nunawa ba ne a ganinsu. Suna jira sai an gama, lokacin da gyara ya zama rushewa.

A gaskiya ma sau uku ake nunawa. Na farko a takarda: zana tsarin da girmansa na gaske a bayan takardar buhun siminti ko kwali, ka jera taragun a kai. Na biyu yanzu, da dogo tsirara yana aiki. Na uku bayan ado. Mutumin da ya fi kowa amfani a karo na farko da na biyu shi ne tsohon ma'aikacin jirgi, kuma Ngaundere ba ta rasa su ba: wanda ya yi tuƙi, wanda ya yi aikin haɗa taragu, wanda ya yi gyaran layi. Ka je da goronka. Kada ka ce masa "Baba, yaya kuka gani?" domin amsar ɗaya ce, "Masha Allah, ya yi kyau," kuma ka tashi a tutar babu. Tambaye shi abin da hannunsa ya sani. "Baba, idan an shigo da tankin mai da taragon shanu tare, wanne kuke fara cirewa, kuma a ina kuke aje shi?" "Tirela ta ina take matsowa idan za a sauke kwantena?" "Me ake kafawa a ƙarshen layi don tarago kada ya zarce?" Mafi kyau duka, miƙa masa abin sarrafawar ka ce ya jera maka jirgi, kai ka yi shiru ka kalli inda ya tsaya yana girgiza kai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da irin waɗannan mutane suka fi saurin kamawa shi ne gudu. Kilomita 60 a awa, a HO, santimita 19 ne a daƙiƙa, wato mita ɗaya a daƙiƙa biyar. A cikin tasha kuwa, inda ake tafiyar kilomita 10 zuwa 15, mita ɗaya ya kamata ya ci daƙiƙa ashirin zuwa talatin. Idan jirginka ba ya iya wannan rarrafen ba tare da ya tsaya ba, akwai datti a ƙafa ko gibi a wuta, kuma yanzu ne lokacin nemo shi.

Mai gyaran rediyo ya duba maka ƙasan tebur da mitarsa, ya auna ƙarshen kowane layi. Kafinta ya kalli firam. Yaro ɗan shekara goma kuma ka ba shi ya yi wasa rabin awa, domin zai yi duk abin da kai kake kauce wa ba tare da ka sani ba: zai tura taragu biyar da baya ta cikin mararraba da gudu, zai juya hanya jirgi na kai. Duk inda aka faɗi, sa alama da alli. Idan taragu daban-daban suna faɗuwa a wuri ɗaya, laifin dogo ne. Aza ƙaramin madubi a kan layin ka leƙa ta cikinsa, karkacewar da ido bai gani ba za ta fito. Idan tarago ɗaya ne yake faɗuwa ko'ina, laifinsa ne. Auna tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa, ya kamata ya zama kusan milimita 14.4, kuma ana iya murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta a gyara. Sai nauyi. Ƙa'idar Turai ita ce aƙalla giram 0.4 ga kowace milimita ta tsawon tarago, wato mai santimita 15 kada ya gaza giram 60. Kai shi wurin mai sikelin zinari ko na kantin magani. In ya gaza, manna masa wasoshi ko noti a ciki, a ƙasa kuma a tsakiya. Marar nauyi a tsakanin masu nauyi biyu shi ake matsewa ya yi tsalle idan ana turawa.

Ba kowace magana ake bi ba. Raba abin da aka faɗa maka gida biyu: wanda ya ce "wannan ba ya aiki" ko "ba haka ake yi a tasha ba," da wanda ya ce "da ni ne da na ƙara." Na farko rubuta shi ka gyara. Na biyu shi ne mai son ka sa gada, da kogi, da masallaci, da filin jirgin sama a santimita 45. Yi masa godiya. Game da gada ma, lissafi ya isa amsa: kafin layi ya haye wani a HO sai ya tashi santimita 8, kuma hawan da ya wuce santimita 3 a kowace mita yana sa ƙafa ta yi ta juyawa a banza, ka ga ana bukatar fiye da mita biyu da rabi na hawa kawai. Idan kuma mutum biyu da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, ko da ba su iya faɗin abin da ke damunsu ba, akwai abu a wurin.

Idan ka yi mako biyu kana jera jirage babu faɗuwa, sai ado. Tsakuwar layin gaske santimita 3 zuwa 6 ce, a HO kenan ƙasa da milimita ɗaya. Yashin mayo, wato kogi, da aka tankaɗe sau biyu yana yi: rariya mai faɗin ido ta cire manya, ta shayi ta zubar da gari, abin da ya rage a tsakani shi ne naka. Jar ƙasar Adamawa kuwa babu fentin da ya kai ta, amma sai an yi mata abu biyu. A soya ta a tsohon kasko minti ashirin don ƙwayayen ƙwari su mutu. Sannan a naɗe maganaɗisun tsohuwar lasifika a leda a bi ta cikinta da cikin yashin sau da yawa. Za ka yi mamakin baƙin garin da zai manne. Wanda ka bari, maganaɗisun injin jirgi ne zai tsince shi.

Zuba da cokalin shayi, ka baje da busasshen buroshi har kan matasai ya fito fes, kuma ko ƙwaya ɗaya kada ta zauna a jikin ƙarfen ta ciki inda leɓen ƙafa ke bi. Fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke daga nesa, sama-sama, har ya jiƙe. Sai ka haɗa farin gam na kafintoci kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, da ɗigon sabulu, ka ɗiɗɗiga da sirinji. In ba ka fara jiƙawa ba, gam ɗin zai dunƙule ya mirgina da yashin. Wurin harsunan mararraba, wato ƙarafan da ke motsi, bar shi kusan babu komai, ka riƙa motsa su duk bayan rabin awa har gam ya kama. Ba shi kwana ɗaya cur, a damina biyu. Ƙaro ma yana kama ƙasa sosai kuma ga shi a kasuwa, sai dai yana saki idan laima ta yi yawa, don haka ya fi dacewa da Marwa da Njamena a kan Ngaundere.

Tudu ana sassaƙa shi da farin soson da ke zuwa a kwalin firji, a rufe da jarida da gam. Kada gam mai warin fetur ko fentin feshi ya taɓa shi tsirara, narkewa yake yi. Bishiya: murɗa siraran wayoyin tagulla ashirin, ka ware rassa, ka shafa gam da garin katako, ganye kuma tsohon soson katifa da aka gurza aka rina. Busasshiyar ciyawa daga zaren buhun algarara, a yanka milimita 5 zuwa 10, a dasa tsit-tsit. Rufin kwano daga takardar alminiyom mai kauri da aka danna a kan zaren dogon noti, kuma a yi masa tsatsa, sabon kwano fal ba ya kama da na sito. Zaɓi lokaci ɗaya na shekara ka tsaya a kai. Korayen ciyayin Agusta da hazon Janairu ba sa zama a katako ɗaya. Wanda ba ya son sa mutum-mutumi saboda dalilin addini bai rasa komai ba: buhuna a jibge, baro a jingine, tirela da ƙofa a buɗe, buta a gindin bishiya, sun isa su nuna akwai mutane.

Don nunawa ta uku, waya ta fi ido gaskiya. Kifa ta yadda kyamarar za ta dawo ƙasa daf da dogo, ka ɗauka da hasken taga daga gefe. Ginin da bai zauna a ƙasa ba, gam mai ƙyalli, tsakuwar da ta yi girman kan mutum, duk za su bayyana. Idan za ka aika wa wani da ke nesa, aje rula a gefe, ka faɗi sikeli da girman katakon, ka yi tambaya ɗaya tak. Hoton tashar gaske kuwa, nemi izinin masu tsaron wurin kafin ka ɗaga waya, kuma kada ka taka layi.

Sauran aikin yaƙi da ƙura ne. Yi wa teburin murfi na leda mai kauri a kan firam mara nauyi, kan jirgi kuma ya kwana a rufaffiyar roba, nesa da rana, domin zanzaro da kyankyaso suna son lungunan sito, zafi kuma yana lanƙwasa jikin tarago. Kafin kowane wasa goge kan dogo da tsumman auduga da ɗan sifirit. Ban da samfefa, tana barin ƙujewar da datti ke zama a ciki. Ban da soson ƙarfe ko kusa. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura, a kan haƙoran giya da bakin sanda, mai sauƙi wanda ba ya cin roba. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, mai da yawa kuma ƙura yake kira.

Idan bayan duk wannan wani ya nuna maka gyaran da ba makawa a inda gam ya riga ya kama, ɗiga ruwan ɗumi a wurin, rufe da jiƙaƙƙen tsumma minti ashirin, ka zare ƙusoshi, ka zura siririyar wuƙar fenti a ƙarƙashin matasai kana turawa a kwance, ba kana ɗagawa ba. Miƙaƙƙen dogo yakan fito lafiya a wanke a sake amfani da shi. Mararraba ce ba ta cika tsira ba, don haka ka yanke mahaɗanta da zarto tukuna, ka ɗago ta ita kaɗai a ƙarshe.